Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tarukan wata-wata sun gudana, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Abin da ya fi armashi a bana shi ne bitar kwana biyu kan jigilar mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwaya makamashi, a cikin ƙwayar halitta mai tafiya. Ranar farko bayani ne. Mitokondiriya kan bi maikurotubul, wasu siraran zaruruwa masu kama da hanya a cikin ƙwaya, inda furotin biyu ke aiki kamar injina: kinesin-1 na jan ta zuwa gefen ƙwaya, dainin na komo da ita wajen cibiya, furotin Miro1 da ke jikin fatarta ta waje kuma, tare da wani furotin mai suna TRAK, su ke ɗaure ta da injinan biyu. Goshin ƙwaya, inda aktin (zaren furotin da ke tura ƙwaya gaba) ke ginuwa, na cin ATP, wato makamashin ƙwaya, sosai, shi ya sa ake kai ta can. Ƙwayoyin ɓera da aka cire wa Miro1, mitokondiriyarsu kan cunkushe gefen cibiya, tafiyarsu ta ragu. An kuma ja hankali cewa ba doka ba ce: a limfosait, wani nau'in farar ƙwayar jini, a bayan ƙwaya take taruwa.

Ranar ta biyu ce ta fi daɗi, domin kowa ya taɓa da hannunsa. Aka karce shimfiɗar ƙwayoyi a faranti da tsinin pipet (bututun auna ruwa) na mikrolita 200 don a ga yadda za su tafi su rufe tsagar, aka wanke da ruwan gishirin PBS, aka rage siram (ruwan jinin da ake sa wa abincin ƙwayoyi) don kada yaɗuwa ta rufe tsagar a zaci tafiya ce. An rina mitokondiriya da jan rini mai suna MitoTracker Red, nanomola 100, minti 20, a zafin digiri 37. Ja aka zaɓa don koren ba ya zama bayan an sandarar da ƙwaya da sinadarin fomaldehaid don adana ta. Masu yawan haska faranti da hasken madubin ƙara girma sun ga sakamako da idonsu: mitokondiriya ta gutsuttsure ta dunƙule, hoton ya lalace. Ɗaliban da suka auna faɗin tsagar da manhajar ImageJ sun yi aiki mai tsabta, Allah ya ƙara basira.

Gwajin rage Miro1 da siRNA (guntun RNA mai rage samar da furotin) da muka yi alkawari bai yiwu ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Da dala ake sayen kayan, sai an ajiye su a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, ga man janareta. Wuta ta ɗauke dare guda, injin renon ƙwayoyi ya huce, ƙwayoyi sun tashi aiki. Da me za a sayi mai, alhali fiye da rabin membobi ba su biya kuɗin shekara ba? An tura saƙo, an kira, an bi wasu har ofis. Abin takaici, cikinsu akwai waɗanda suka zo bitar suka karɓi takardar shaida.

Fassarar bayanan bitar zuwa Hausa ma ta tsaya a rabi, saboda waɗanda suka ɗauki sassa sun yi shiru.

Mai bashi ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa, domin a ranar za a yanke ko za a yi odar siRNA ɗin ko a janye shi daga tsarin baɗi.

Sakataren ƙungiya