Wasiƙa zuwa Daura: abin da na gani a cikin furen dutse

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, Allah ya ƙara girma. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida, kuma damina ta kankama, gero ya fara rufe ƙasa. Ni ma a nan Tromso ina lafiya, alhamdu lillahi.

Ranar da muka yi waya kun tambaye ni yadda tsiro yake samun damar yin iri a ƙasar da dusar ƙanƙara take lulluɓe duwatsunta fiye da rabin shekara, na kuwa kasa ba ku amsar da za ta gamsar da manomi irinku. Tambayar ba ta bar raina ba, sai a ƙarshen watan Yuni da na hau dutse tare da wani abokin aikina ɗan ƙasar nan, wanda ya san tsirran daji kamar yadda Kawu ya san itatuwan magani.

A wannan gari na arewacin Norwe, daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli rana ba ta faɗuwa, sai dai ta yi ta kewaya sama. Amma kada wannan ya sa ku ɗauka ana zafi, domin ko a Yuli matsakaicin yanayi bai wuce digiri 12 ba, a kan dutse kuwa iska tana yanka fiye da ta asubahin hunturu a Daura. A can na durƙusa gaban wani ɗan fure da suke kira reinrose, wanda faɗinsa bai fi na murfin kwalba da yawa ba. Ganyayen furen guda 8 ne, farare fat, sun haɗu sun yi siffar ƙoƙo, tsakiyarsa kuma rawaya ce. A cikin ƙoƙon akwai ƙuda a zaune, ko motsi ba ya yi, har na ɗauka ya mutu. Abokina ya ce mini da ransa, hantsi yake sha.

Ni dai tun ina yaro na ɗauki ganyen fure a matsayin ado kawai. Ashe a nan shi ne murhun tsiron. Farin ganyen yana tattara hasken rana ya mayar da shi tsakiya, daidai inda uwar iri take, furen kuma yana juya fuskarsa yana bin rana, saboda haka cikinsa yakan fi iskar waje ɗumi da digiri da dama. Wani masani mai suna Peter Kevan ya auna wannan a tsibirin Ellesmere da ke can ƙarshen arewacin Kanada, ya wallafa sakamakon a 1975, kuma an ga cewa idan aka cire ganyayen, ɗumin yakan ragu. Amfanin ɗumin iri biyu ne, kuma dukansu sun shafi haihuwa. Ƙwaron da sanyi ya daskarar ba ya iya tashi, don haka yakan nemi wannan ƙoƙon ya zauna, ya sha zaƙin fure, jikinsa ya yi ɗumi, kafin ya tashi kuwa garin furen ya manne masa, ya kai shi fure na gaba. Sannan shi kansa irin ya fi saurin ƙosawa a cikin ɗumi, kuma a inda lokacin tsiro bai wuce wata biyu zuwa uku ba, jinkirin 'yan kwanaki yana iya sa sanyi ya riski ƙwaya tun ba ta nuna ba, kamar yadda ɗaukewar ruwa da wuri take barin gero da kai babu tsaba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ƙudan nan da muke kora da mafici shi ne babban ma'aikaci a wurin, domin ƙudan zuma sun yi ƙaranci a irin waɗannan wurare masu tsananin sanyi. Sai na tuna da gonarmu. Gero ba shi da ganyen fure ko ɗaya, domin iska ce take ɗaukar masa bununi, ba ya bukatar kiran kowa. Kabewa kuwa dole ta buɗe babban fure mai launin rawaya da sassafe, saboda furen namiji daban na mace daban, in ƙwaro bai haɗa su ba ɗan zai yi yaushi ya faɗi. Furen dutsen nan ya ƙara da abin da kabewarmu ba ta bukata, wato ba baƙo wurin jin ɗumi.

Da muka ƙara hawa, kusa da inda ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, ya nuna mini wani da ake kira issoleie. Da fari ganyensa fari ne, daga baya sai ya rikiɗe ya yi ja-ja, kuma ba ya zubewa da wuri, yana nan kewaye da 'ya'yan suna girma a cikinsa. Ina ganinsa na tuna da furen auduga, wanda yake buɗewa fari-fari, kashegari ya koma ja, har na daɗe tsaye ina kallonsa saboda kewar gida. Akwai kuma rodsildre mai launin shanshanbale, wanda yake shirya tohon furensa tun bara ya kwana da shi a ƙarƙashin ƙanƙara, tana janyewa ya buɗe. Wani kuma, harerug, bai dogara da iri ba sosai: ƙananan 'ya'ya kamar na albasa yake fitarwa a jikin kara, su faɗi su tsira.

Mafi yawansu ana iya ganinsu a lambun tsirrai na garin nan, wanda aka buɗe a 1994, kuma na ɗauki hotuna zan tura wa Yaya ya nuna muku a waya. Ina roƙon a sa Auta, idan kuɓewar bayan gida ta fara fure, ta ɗauko mini hotonsa da hantsi kafin ya rufe, ta kuma lura da irin ƙwarin da ke shiga ciki, domin na yi wa abokina alkawarin nuna masa namu.

A gaishe mini da Inna da Kawu da Gwaggo, a kuma ci gaba da sa ni a addu'a. Allah ya ba da damina mai albarka.

Wassalam,
ɗanku mai biyayya