Rahoton Ayyukan Shekara Na Ƙungiyar Ci Gaban Unguwarmu, Gombe

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa membobi, ga bayanin abin da kwamitinku ya gudanar a bana.

Kamar yadda babban taron bara ya yanke, sauro muka sa a gaba. Tun kafin ruwan farko matasa suka fito da shebur da baro aka yi gayyar yashe kwatoci, aka ci gaba duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai aikin ya nuna mana ciwon da shebur ba ya magani. A layukan da aka yanka filaye da awo, kwata na da gangara, ko an kwana ana ruwa kafin hantsi ya tsane. A lunguna kuwa, inda aka ɗora katanga a kan hanyar ruwa, kwata sai ta mutu a bayan gidan wani, ruwan wanka da na wanki ya kwanta har ya yi kore. Ɗebo shi a kwano, ka ga tsutsar sauro na wutsil-wutsil. Da irin zafin garin nan, kwana 7 zuwa 10 ya isa ƙwai ya zama sauro mai cizo. Ga kuma ramukan da aka haƙi ƙasar gini aka bari, da bakin kwari inda zaizaya ke barin ruwa ya yi ta kwanciya.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne bayanin da ma'aikacin lafiya ya yi mana a zaman wayar da kai. A 2020 an gano wani baƙon sauro na Asiya mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, Anopheles stephensi, a nan jihar Gombe. Shi ba ya jiran damina. A tanki da durom da rijiya da ma'ajiyar ruwan masu buga bulo yake hayayyafa, wato ɗan birni ne. A Jibuti, inda ya ɓulla a 2012, masu zazzaɓin cizon sauro sun tashi daga 27 a shekarar zuwa sama da 73,000 a 2020. Mu kuwa duk gidan da famfo bai kai ba dole ya tara ruwa. Shi ya sa iyayenmu mata suka bi gida-gida suna roƙon a riƙa rufe mazubi, a kuma wanke shi duk mako. Wallahi sun yi ƙoƙari, kuma an saurare su fiye da yadda ake sauraronmu.

Mun tattara tsofaffin tayoyi daga wurin masu faci, domin a cikinsu sauron da ke kawo cutar shawara yake ƙyanƙyasa; ba mu manta da ɓarkewarta a Alkaleri ta jihar Bauchi a 2019 ba. Mun kuma raka masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59.

Batun kuɗi, ma'aji zai karanto dalla-dalla. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a cika alkawari.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu kai takarda hukumar tsara birane kan kwalbatin mashigar unguwa, mu kuma zauna da masu gidajen da suka tare hanyar ruwa, a gaban Mai Unguwa da Liman. Maganar na da nauyi, domin maƙwabtanmu ne, wasu ma gado suka tarar a haka. Duk mai shawara ya kawo wa sakatare kafin zama na gaba.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa