Kafin Mu Gina Tashar Nukiliya, Mu Dubi Koeberg

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake tasowa da ita lokaci-lokaci, ta gina tashar wutar lantarki ta nukiliya a Najeriya. Da zarar an ambaci nukiliya, wasu bam ne ke faɗo musu a rai, wasu kuma gani suke yi dare ɗaya za ta raba mu da duhu. Ni a ganina gara mu dubi tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu, wadda ita kaɗai ce irinta da ke aiki a nahiyarmu zuwa yanzu.

An kafa ta a gaɓar tekun Atlantika, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Cape Town, saboda ma'adanan kwal ɗin da ƙasar ke samar da wuta da shi suna nesa da birnin da fiye da kilomita 1,000. Kamfanin Framatome na Faransa ne ya ƙera tukwanenta biyu, wato manyan na'urorin da ake sa makamashin nukiliya a cikinsu, aka fara ginin a 1976, amma a Disamban 1982 mayaƙan ƙungiyar ANC mai yaƙi da mulkin wariyar launin fata suka tayar da bama-bamai a cikinta tun ba ta soma aiki ba, abin da ya jinkirta buɗe ta. Tukunyar farko ta fara ba da wuta a 1984, ta biyu a 1985, kowacce tana samar da megawat 900 da 'yan kai a ƙarƙashin kamfanin wutar lantarki na ƙasar, Eskom.

Aikinta bai wuce dafa ruwa ba, sai dai makamashin ne daban. Ƙwayoyin zarra na yuraniyom suna tsagewa su fitar da zafi, ruwan da ke kewaya su ya haura digiri 300 ba tare da ya tafasa ba, domin an danne shi da matsi mai tsanani. Wannan ruwan shi ke zafafa wani ruwan da ke cikin bututu daban har ya zama tururin da ke juya janareta, sannan ruwan teku ya sanyaya tururin ya koma ruwa, kuma dukkan ukun ba sa cuɗanya da juna.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ko an kashe tukunyar, sandunan yuraniyom da ke cikinta suna ci gaba da fitar da zafi kamar garwashi a ƙarƙashin toka, don haka dole famfuna su ci gaba da tura ruwa, su kuwa famfunan da wuta suke aiki. Rashin wutar sanyaya tukwane ne ya jawo bala'in Fukushima a Japan a 2011, bayan igiyar ruwa ta mamaye janaretocin ko-ta-kwana. Ita kanta Koeberg, a ƙarshen 2005 wata ƙusa da ta kwance ta lalata janaretan tukunyar farko, yankin Cape Town ya sha ɗauke wuta a 2006 kafin a kawo kayan gyara daga Faransa.

To, mu da babban layin wutarmu na ƙasa ke ɗaukar megawat 4,000 zuwa 5,000, yana kuma durƙushewa sau da dama a shekara, tukunya ɗaya irin ta Koeberg kusan kashi ɗaya cikin biyar ce ta wutar ƙasar baki ɗaya. Idan ta tsaya farat ɗaya za ta iya jan layin ya faɗi, idan kuma layin ne ya faɗi, ita ma dole ta tsaya ta koma kan janaretocin dizal. Ba masana muka rasa ba, domin tun 2004 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke sarrafa ƙaramar tukunyar bincike mai kimanin kilowat 30, ko da yake ba ta ba da wutar gida.

Saboda haka ina roƙon wannan jarida ta tura wakilinta ya tambayi Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya wane layi ne zai ɗauki wutar tashar da ake magana, kuma a wace shekara za a gama gyara shi.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya