Na kama ɓarawon ƙwai, mutumina

Ojo, Legas.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da amarya da Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai sauro da kewar fura. Na san ka yi fushi. Saƙonninka na murya guda uku suna nan cikin waya, na saurare su, ban amsa ba, kuma ba rashin kati ba ne. Wata biyu na yi cikin wani hali da ban so kowa ya ji ba sai na ga ƙarshensa. Yanzu ya wuce, shi ya sa na zauna na rubuto, don na san halinka, da a waya ne kafin in kai tsakiya ka katse ni da dariya.

Sata aka zarge ni da ita, ni da ka sani. Kuma ba satar wani abin kirki ba, ƙwan agwagwa.

Ka san tun da aka hana kabu-kabu a Apapa da Surulere a 2022 na ajiye babur na koma gadi. Gonar kifin da nake yanzu tana bayan Ojo, a bakin ruwan da ya miƙe zuwa Badagiri. Oga na kiwon tarwada, Madam kuma na da agwagi da kajin gida a wata rumfa jikin shinge. Ni ke kwana ido biyu, in na yi Asuba in shige ɗakina in kwanta sai Azahar. Ma'aikata na zuwa su ba kifi abinci da sassafe su tafi, ba su dawowa sai La'asar, wato tsakanin nan ba kowa a gonar sai ni. To sai ƙwai ya fara ɓacewa. Madam ta ƙirga goma da safe, da yamma ta tarar da huɗu. Sannan ƙananan tarwada na ramin baya suka fara raguwa. Oga Bayarabe ne, da ya ji ni Bagobiri ne tun ranar farko muke wasa, yana ce mini bawansa ina ce masa nawa. Da farko cikin wasan ya sako maganar, wai bawansa ya fara ƙiba. Daga baya wasan ya tsaya cak. Mutum ya gaishe ka bai dubi idonka ba, ka san an gama yanke maka hukunci. Wallahi har jakata na haɗa sau ɗaya.

Abin da ya cece ni taɓo ne. Wata safiya na zagaya bayan shinge sai na ga sawu: farata biyar-biyar dama da hagu, da wani dogon layi a tsakiya kamar an ja igiya. Nan take na tuna bakin gulbi, lokacin da muke bin irin wannan sawun da gora da karen Kawu. Guza! Washegari na hana idona barci, na laɓe bayan tankin ruwa da waya a hannu. Wajen ƙarfe goma sai ga shi ya kutso ta ƙarƙashin shinge, ba gaggawa, kamar mai gonar ne ya zo duba dukiyarsa. Mutumina, wanda ya zane maka ƙwauri da wutsiya har ka yi sati kana ɗingishi, jikan wannan ne. In aka miƙe shi daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya zai kai tsayina, ko da yake fiye da rabi wutsiyar ce. Baƙi-baƙi ne da ɗigon rawaya jere-jere a gadon baya. Ya tsaya, ya zaro harshen nan mai baki biyu ya mayar, ya zaro ya mayar, sannan ya nufi rumfa kai tsaye. Agwagwa ta yi ta hura hanci, ko kallo ba ta ishe shi ba. Ya ɗauki ƙwai a baki, ya ɗaga kai sama, ya haɗiye. Biyar na ƙirga, hannuna na rawa, duk na ɗauka.

Da Oga ya ga hoton sai ya dafe kai ya ce “awonriwon!”, sunansa ke nan da Yarbanci. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ba ni haƙuri a gaban ma'aikata, Madam kuma ta aiko mini da shinkafa da rabin kaza. Na ce masa dama bawa ba ya gane gaskiyar ubangidansa sai ya sha wuya. Wasa ya dawo.

Yanzu ga inda za ka ce Ikko ta taɓa mini kai. Tun ranar na rage barcin safe saboda dabbar nan. Ba gadinta nake ba, don na haƙa ƙasan shingen na binne ragar waya, ta daina shigowa. Kallonta kawai nake.

Sai na kwatanta maka wurin, don babu irinsa a wajenmu. Bayan shingen kurmi ne na wasu itatuwa da ke tsirowa cikin ruwa mai gishiri-gishiri, masu boko na ce musu mangurob. Saiwoyinsu ba a ƙasa suke ɓoye ba, daga jikin itacen suke fitowa su lanƙwasa su soki taɓo, kamar mutum ya tattare riga yana tsallaka rafi. Ruwan kuma ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu yake cika ya janye tsakanin yau da gobe, kuma kullum yana makara da kusan minti 50 a kan na jiya. In wata ya tsaya ko ya cika goma sha huɗu, cikar ta fi yawa, janyewar ma haka. Ni da na taso ina ganin gulbi na cika sau ɗaya a shekara, wannan kaɗai ya ishe ni tasbihi.

Guzan nan agogo biyu yake bi, rana da ruwa. Da Asuba ba ka ganinsa. Sai rana ta ɗaga, wajen takwas, ya hau wani kututture da ya faɗi ya baje ciki kamar ɗan kasuwa ya ci riba. Ɗan Oga, wanda ke karatun dabbobi a jami'a, ya ce jikinsu ba ya yin ɗumi da kansa irin namu, sai sun ara daga rana kafin su iya kuzari. Na gaskata shi, don ran da aka wayi gari da ruwan sama, ka san na Ikko ba ya gajiya, wani lokaci har Azahar bai leƙo ba. In ya gama shan hantsi kuma ruwa ya janye, to kasuwa ta buɗe. Taɓon nan sai ya cika da ƙananan ƙaguwa, mazansu da hannu ɗaya ƙato ɗaya ƙarami, suna ta ɗaga ƙaton kamar 'yan kamasho a tasha. Ga wani kifi mai idanu a tsakar ka da ke fitowa daga ruwa yana tsalle a kan taɓo. Na san ba za ka yarda ba, zan turo maka hoto. Ga dodon koɗi ƙanana masu tsini birjik. Shi kuwa sai ya bi gefen ruwa a hankali, harshe na aiki. Yaron ya ce da harshen yake sansano abu, yana kwaso ƙamshi daga iska ya kai wani gurbi a ganɗarsa. In ya tsaya a bakin rami, to akwai mai gida a ciki. Sai ya sa farata ya tona, ya cusa kai, ka ji ƙaras. Ba ya tauna irin tamu, ya fasa ne ya jujjuya ya haɗiye. Wai suna ƙanana haƙoransu masu tsini ne, na kama ƙwari da 'yan kwaɗi, in sun girma na ciki su dakushe su yi faɗi don fasa ƙwarya. Kamar Baba Tsoho ke nan, sai dai shi da nasa suka dakushe tuwo ya koma.

Ba ya zaɓen abinci. Mushen kifin da muke zubarwa bayan shinge, kafin ya yi wari sosai ya zo ya share. Ɓera, kwaɗo, ƙwan tsuntsu, har bishiya yake hawa nema. Wata rana na yi tari ban sani ba yana kan reshe, sai ji na yi tsulum, ya faɗo ruwa daga sama. A ruwa kuwa ba ya amfani da ƙafa, manne su yake a jiki, wutsiyar nan mai faɗi kamar wuƙa ita ke tuƙi, sai hanci da ido kawai a waje. In ya nutse, sai ka gaji da jira. Rana na take tsaka ya shige inuwar saiwoyi, da La'asar ya ɗan sake zagayawa, kafin Magariba ya ɓace. Wato mun raba aiki da shi, ni dare shi rana, albashi ne kawai ba a ba shi, shi ya sa ya biya kansa.

Af, tsohuwar gardamarmu. Har yanzu kana kan bakanka cewa damo da guza abu ɗaya ne? Damo gajere ne mai kauri da guntun kai, ɗan tudu, abincinsa ƙwari da ƙadandoniya, in rani ya yi ya shige rami ya yi shiru, shi ya sa ake ce masa sarkin haƙuri. Wannan ba shi da haƙuri ko na anini. Ka matsa masa ya kumbura wuya ya yi huci, sauran bayani ƙwaurinka ya sani. Wani abin da ban sani ba sai yanzu, wai macen takan fasa suri da damina ta zuba ƙwai a ciki, gara su liƙe ɓarakar da kansu, su yi ta yi mata gadin ƙwai watanni ba su sani ba. Ka ga mai satar ƙwan mutane ya san inda zai ɓoye nasa.

Na ce maka da ƙaramar Sallah mun je gandun dabbobin Lekki? Wanda aka buɗe tun 1990. Akwai gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401, tana lilo. Dogo, mai cika bakin nan, tun a gaɓar farko ya durƙusa yana salati, yara 'yan makaranta suna raɓa shi suna wucewa. Kada ka ce ni na faɗa maka. Ya ƙara aure, ka ji? 'Yar Agege. Ranar ɗaurin aure rabin Alaba Rago sun je, kuma har yau bai biya ni dubu biyar ɗina ba.

Damuwata yanzu ɗaya ce. Wani masunci da ke wucewa da kwalekwale ya ji labari, ya ce wa Oga zai ɗana masa tarko. Nama kuɗi, fata kuɗi, ka san da irinta ake rufe ƙoƙon goge, kuma a nan har kasuwar kifi ta Epe ana kai su da rai a ɗaure. Madam ta goyi baya, tana ƙirga ƙwanta da ya tafi. Na ce wa Oga shinge ya gyaru, mushe kuma yana kwashe mana kyauta, a bar shi. Ya yi dariya ya ce bawansa ya yi aboki. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kaina abin na ba ni mamaki, dabbar da ta kusa raba ni da aiki da mutunci, ni ne yau lauyanta. Nawa muka kashe muna yara ba don yunwa ba? Ga shi kuma filin da ke gefenmu an sayar, an fara sare itatuwan, masu ƙyafe kifi na kwashe itacen, tifa na zuba yashi. Ko masuncin bai kama shi ba, ban san ina zai koma ba in yashin ya iso kututturensa.

Ka gaida Inna, ka ce mata maganin sanyin ya iso, ɗaci kamar ba gobe. Ka gaida amarya, ka ce ta rage maka tuwo. Na san a saƙonka na biyu ka tambaye ni wani abu, ko maganar zuwan ƙanenka ce ko ta babur ɗin, ya shige mini, kuma in na fita daga nan don in saurara rubutun zai goge, wayar ta tsufa. Sake turowa, wannan karon zan amsa. Yau ruwa zai janye wajen sha ɗaya, bari in je in ga ko kwalekwalen mutumin nan ya zagayo.

Naka har kullum,
abokin bin sawu.