Wa ke kula da bayananmu a otal-otal?

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili.

Kwanaki na raka ƙanina wani otal nan cikin Kaduna zai kama ɗaki, sai yarinyar risefshan ta karɓi katinsa na NIN ta ɗauki hotonsa da wayarta ta kanta, ga kuma rijistar baƙi a buɗe kan kanta, sunaye da lambobin waya kowa na leƙawa. Da na yi magana ta ce wai haka manaja ya ce.

To jama'a, manya ma ba su tsira ba fa. A 2018 kamfanin otal-otal na Marriott ya sanar cewa 'yan kutse sun shiga rumbun bayanan otal-otal ɗinsa na Starwood tun 2014, shekara huɗu suna ciki ba wanda ya farga, suka kwashi bayanan miliyoyin baƙi har da lambobin fasfo, a 2020 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 18.4. Ina ga namu da kwamfuta ɗaya ce kuma kowane ma'aikaci ya san fasuwod?

Alhali muna da doka, ta kare bayanai ta 2023, wadda ta ce idan aka yi kutse a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72. Ni dai ina kira ga NDPC ta zagayo otal-otal ɗin Kaduna ta ga yadda ake ajiye katunan mutane a wayoyin ma'aikata.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Rimi, Kaduna