A ba Deb Haaland shafinta a jaridarku

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da abokan aikinka, ina da roƙo. Na ga kun tuna da afuwar da shugaban Amurka na wancan lokaci, Joe Biden, ya nemi 'yan asalin ƙasar a Arizona cikin Oktoban 2024 kan makarantun kwanan da aka tilasta wa 'ya'yansu shiga, amma matar da ta tono maganar tun daga tushe layi ɗaya kawai ta samu. Wannan ya tsaya mini a rai.

Deb Haaland 'yar ƙabilar Laguna Pueblo ce ta jihar New Mexico. Ita kaɗai ta reni 'yarta, har ta kai ga karɓar tallafin abinci na gwamnati, tana haɗa miyar barkono tana sayarwa. A haka ta kammala karatun lauya a 2006. A 2018 ita da Sharice Davids suka zama mata 'yan asalin ƙasar na farko da aka zaɓa zuwa Majalisar Wakilai, sannan a Maris 2021 Majalisar Dattawa ta amince da ita ta shugabanci Ma'aikatar Cikin Gida, da ƙuri'u 51 da 40.

A nan ne abin ya fi taɓa ni. Wannan ma'aikata ba ta 'yan sanda ba ce kamar yadda sunan zai sa mu zata. Ita ke kula da filayen gwamnati da harkokin ƙabilun asali. A ƙarƙashinta aka gudanar da makarantun kwana da ake ƙwace yara daga hannun iyayensu, a aske musu gashi, a canza musu suna, a doke su in sun yi yarensu. Kakannin Haaland na wajen uwa suna cikin waɗanda aka ɗauke suna 'yan shekara takwas. Jikarsu ta hau kujerar, bayan wata uku ta ba da umarnin a buɗe takardun makarantun. Rahoton 2024 ya ƙirga makarantu 417 tsakanin 1819 da 1969, da yara aƙalla 973 da suka mutu a cikinsu, da maƙabartu 74. Ba ta tsaya a ofis ba. Ta bi garuruwa ta zauna gaban tsofaffi suna faɗin abin da aka yi musu, wasu a karon farko.

Ni malamar firamare ce. Kullum da safe iyaye ke miƙo mini 'ya'yansu amana, shi ya sa ba na iya karanta waɗannan alƙaluma ido bushe.

Don Allah, Malam Edita, ku ware mata shafi guda, ku kuma fassara mana wani abu daga shaidar tsofaffin nan. Sannan ku sa ido kan masu rubuta muku "Indiyawan daji". Kowace ƙabila da sunanta: Laguna, Navajo, Lakota. A kira su da shi.

Taku mai karatu,
wata malama daga Zariya