Wasiƙa daga Jidda kan zazzaɓin Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. A gaishe da Inna da Baba, a yi wa Auta sannu da jiki. Saƙonka ya iso, kuma hankalina bai kwanta ba da na ji yau sati biyar ke nan jikinsa na zafi, an yi masa maganin maleriya sau uku, na taifod sau biyu. Don Allah a dakata haka. Zazzaɓin da ya haura sati uku yana kaiwa 38.3 a ma'auni, aka duba ba a ga dalili ba, tun 1961 likitoci suka ware shi daban. Sanadinsa ake bi a nemo, ba a yi masa lalube a kemis.

Ka fara da sayen ma'aunin zafin jiki, don taɓa goshi ba awo ba ne. A auna safe da yamma kafin a ba shi farasitamol, a rubuta da kwanan wata. A rubuta har gumin dare da ramar da ya yi.

Gwajin Widal na taifod da kuka dogara da shi yana yawan ruɗarwa. Wanda ya taso inda taifod ta yawaita, jininsa kan nuna alama ko da lafiyarsa ƙalau, maleriya ma takan sa ya nuna. Haka gwajin maleriya na tsinke yakan ci gaba da nunawa makonni bayan an warke, shi ya sa ake so a duba jinin a madubin likita. Abin da Auta ke buƙata shi ne a ɗebi jininsa sau biyu ko uku daga jijiyoyi daban-daban, a zuba a kwalba a raini ƙwayar cutar har ta bayyana, abin da kan ɗauki kwana biyar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya sha yana iya ɓoye ta, saboda haka ku tafi da kwalayen duk abin da ya sha, likita ya gani da idonsa.

Abin da na fi zargi shi ne tarin fuka. Kada ka ce ai ba ya tari, domin yakan zauna a kaluluwar wuya, ko ƙashin baya, ko cikin ciki. A yi hoton ƙirji, a kai kakinsa gwajin GeneXpert, mai gano ƙwayar tarin fuka. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, aƙalla wata shida ake sha ba fashi. A haɗa da gwajin ƙanjamau, ba don ana tuhumarsa da komai ba, ƙa'idar binciken ce.

Ku kuma gaya wa likita cewa yana taya Baba kiwo kuma yana shan madarar da ba a tafasa ba. Cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari, tana kama mutum, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon baya da gaɓoɓi. A nan Saudiyya an san ta sosai saboda ɗanyen nonon raƙumi, amma a gida ba a cika tunawa da ita ba. Magani iri biyu ake haɗa mata, na aƙalla sati shida.

In duk waɗannan ba su nuna komai ba, sai sikanin na ciki don neman ƙurji a hanta, a kuma saurari zuciya ko ƙwayar cuta ta kama ƙofofinta. Ba kowane zazzaɓi ne na ƙwayar cuta ba: akwai kansar kaluluwa, wadda sai an yanki ɗan tsoka an duba, akwai ciwon da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, wani lokacin ma maganin da ake sha ne ke kawo zafin.

Ina roƙonka, kada kowa ya ba shi dexamethasone ko prednisolone. Za su saukar da zafin ku zaci sauƙi ya samu, alhali tarin fuka na bazuwa a ɓoye.

Ku nemi takardar tura mara lafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano cikin satin nan. Idan wuyansa ya sanƙare, ko ya fara sambatu, ko idonsa ya yi rawaya, ko jini ya fito ta hanci ko dasashi, a tafi da shi a daren, kada a jira wayewar gari. Kuɗin gwaje-gwajen zai shigo asusunka ranar Alhamis in sha Allah. Ka ɗauki hoton kowane sakamako ka turo min ta WhatsApp.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne.

Ƙanenka.